Kun Tambaya, Mun Amsa: Tsohuwar Ƙararrawar Gobara a Gine-ginen Jami'a

Assalamu alaikum. Tun da iskar hunturu ta fara kaɗawa a Kaduna, wasiƙun da ke zuwa wannan fili suka karkata ga batun gobara, kuma da yawa daga cikinsu sun fito ne daga manyan makarantu. Na ware guda biyar da suka haɗu a kan abu ɗaya, wato tsofaffin na'urorin gargaɗin gobara da har yanzu suke maƙale a bangon ɗakunan kwanan ɗalibai da azuzuwa da ɗakunan karatu. Kamar yadda muka saba, an sakaya sunayen masu tambaya da na makarantunsu.

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce 'yar aji uku a wata jami'a a jihar nan, kuma ina kwana a wani tsohon bene mai hawa uku. A bakin matakalar kowane hawa akwai ɗan jan akwati mai gilashi a fuskarsa, a samansa kuma akwai ƙararrawar ƙarfe kamar faranti a kife. Shekara uku ke nan ban taɓa jin ta kaɗa ba. Yayyenmu da muka tarar sun ce tun zamanin Turawa take nan, ado ce kawai. Shin tana iya yin aiki har yanzu, kuma ta yaya zan sani? *Daga wata ɗaliba, Malali.*

Amsa: Ɗiyata, Allah ya yi miki albarka, domin kin ɗaga kai kin kalli abin da ɗaruruwan mutane suke wucewa ta ƙarƙashinsa kullum bai dame su ba. Gaskiyar magana ita ce ƙararrawar nan tana iya kasancewa da ranta, tana kuma iya kasancewa ta mutu tun kafin a haife ki, kuma babu injiniyan da zai dube ta da ido kawai ya faɗa miki halin da take ciki. Sai an gwada.

Tsufa shi kaɗai ba ya kashe irin wannan na'ura. Dabarar kanta ta daɗe a duniya, domin tun a 1852 aka shimfiɗa wa birnin Boston na Amurka wayoyi da akwatunan sanar da gobara bisa aikin William Channing da Moses Farmer, kuma abin da ke bangonku jikan wancan ne. Mu a nan, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta samo asali ne tun 1956, Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a 1962, makarantar horar da hafsoshin soja kuma a 1964, saboda haka jihar nan cike take da gine-ginen karatu da suka haura shekara 50, waɗanda galibi aka yi musu aikin lantarki bisa tsarin Birtaniya. Kayan wancan zamani ƙarfe ne da tagulla. Akwai ma wata irin waya da ake sakawa, mai rigar tagulla, wadda aka ɗura wa cikinta farin garin ma'adini maimakon roba. Wuta ba ta cin ta da sauƙi, ɓera ba ya iya gaigayar ta, kuma muddin danshi bai shige ta ta baki ba, takan fi wanda ya saka ta daɗewa a duniya.

Abin da kike gani a bango wani yanki ne kawai na na'urar. Ɗan jan akwatin makunni ne, gilashin ne yake riƙe da maɓallin da ke cikinsa, da zarar an fasa shi sai maɓallin ya saki, saƙo ya tafi. Ƙararrawar ita ce baki. Akwai kuma babban akwati, wanda aka fi maƙalawa a ɗakin masu gadi ko kusa da babbar ƙofa, shi yake karɓar saƙo ya ba ƙararrawa wuta, kuma a cikinsa ko a gefensa batura suke. A wasu gine-ginen akan ƙara da wasu fararen abubuwa kamar ƙananan kwanuka a jikin silin, masu shinshinar hayaƙi ko jin zafi. Idan kin duba ba ki gan su a bene naku ba, to ki sani na'urar ba ta ganin gobara da kanta, hannun mutum take jira, kuma da ƙarfe uku na dare ba lallai ne a sami mai ido biyu ba.

Akwai wani nau'i mafi tsufa wanda ya fi kowanne tayar mini da hankali, shi ne wanda ba shi da batir ko kaɗan, an jona shi ne kai tsaye da wutar gini. A wurinmu lokacin da aka ɗauke wuta shi ne lokacin da ake kunna kyandir da risho, wato daidai sa'ar da haɗari ya ƙaru ita ce sa'ar da ƙararrawar ta zama bebiya. Ko da akwai wuta ma, gobarar da ta tashi daga waya takan fara da katse wutar ginin, ta kashe mai gargaɗin kafin ya buɗe baki.

Bari in ba ki labarin abin da na gani da idona. Wasu shekaru da suka wuce an kira ni in duba wani ɗakin kwanan ɗalibai mai irin wannan na'ura. Na hau tsani na kwance farantin ƙararrawar farko, sai na tarar zanzaro ya gina gidansa na laka daidai kan ɗan gudumar da ke bugun ƙarfen, lakar ta bushe ta kama shi kamar siminti. Ta biyu kuwa masu fenti ne suka bi ta kanta shekara bayan shekara, har sai da na sa wuƙa na yanka kaurin fentin kafin noti ya fito. Babban akwatin yana ɗakin masu gadi, an jingina masa kabad, kuma da muka janye muka buɗe, batura biyu muka gani sun kumbura, wani farin gari kamar kanwa ya feso a bakin wayoyinsu, babu ko kwanan watan da aka saka su. Muka kankare laka da fenti, muka sa sababbin batura, na zura ɗan mabuɗin gwaji a ƙasan jan akwatin, sai ga mafi yawan ƙararrawar sun ɗauka gaba ɗaya, har wani dattijon mai gadi ya miƙe tsaye yana salati, domin tun da ya kama aiki a wurin bai taɓa jin muryarsu ba. Da tsohuwar zuma ake magani, amma zumar nan ta yi shekaru ba wanda ya buɗe tulunta.

Shirun shekara ukun da kika ambata shi kansa amsa ne. Ƙa'idar Birtaniya mai lamba BS 5839, wadda da yawa daga cikin masu wannan sana'a a ƙasar nan suke aiki da ita, ta tanadi cewa a kaɗa ƙararrawa sau ɗaya a kowane mako, a rana da lokacin da kowa ya sani, ana canza jan akwatin da ake gwadawa daga mako zuwa mako, sannan ƙwararre ya zo ya yi cikakken bincike aƙalla duk wata shida, a kuma rubuta komai a littafi. Ta kuma ce a wurin da ake kwana, ƙarar da ke isa kan matashin mai barci, ƙofofi a rufe, kada ta gaza ma'auni 75 na desibel. Idan shekara uku ba ki ji ta ba, ma'anarsa shekara uku ba a gwada ta ba.

Kada ki fasa gilashin da kanki don ki gani. Ki haɗa kai da shugabannin ɗalibai na bene naku, ku rubuta takarda cikin ladabi zuwa ga mai kula da ɗakin kwanan da ofishin harkokin ɗalibai, ku roƙi a gwada na'urar a gabanku, a nuna muku littafin gwaji, a kuma faɗa muku sunan ma'aikacin da alhakinta ke wuyansa. Kafin amsa ta zo, yau ɗin nan ki taka zuwa matakala ta biyu ki ga ko an garƙame ƙofarta da kwaɗo. Ina matsa miki ne saboda hayaƙi ya fi harshen wuta kisa, warinsa ba ya tayar da mai barci yadda mutane suke zato, kuma katifar soso idan ta kama tana fitar da guba mai sumar da mutum. Gwaje-gwajen da aka yi a Amurka sun nuna cewa a ɗakin da ke cike da kayan soso da roba, lokacin tsira yana iya raguwa zuwa kimanin minti 3, alhali a irin wannan gwaji da aka yi a 1975 ya kai kusan minti 17.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni ma'aikacin lantarki ne a sashen ayyuka na wata babbar makaranta. Babban akwatin gobara na wata tsangaya, wanda ya kusa shekara 40, ya kunna fitila ruwan ɗorawa kuma yana ta ƙaramin kuka ba dare ba rana. Kamfanin da ya ƙera shi ya daina yin irinsa. Wani ɗan kwangila ya ce a tumɓuke komai a sa na zamani, magabata kuma sun ce babu kuɗin. Mene ne mafita? *Daga wani ma'aikaci, Tudun Wada.*

Amsa: Malam, sannu da ƙoƙari. Na fara da yi maka albishir cewa akwatin da yake kuka yana da rai, kuma yana yin aikin da aka ƙera shi dominsa. Jar fitila ita ce ta gobara, ruwan ɗorawa kuwa ƙorafi ce, yana faɗa maka akwai inda ya lalace. Yadda yake ganewa shi ne, a ƙarshen kowane layin waya akwai ɗan ƙaramin resista, wato abin da ke rage gudun wutar lantarki, akwatin yana tura wuta kaɗan kullum yana jin nauyinsa, kuma da zarar waya ta tsinke ya daina jin sa, sai ya yi kuka. Wanda ya ƙulle wannan kuka da salatif, ko ya ciro resistan ya ɗaura shi a cikin akwatin don fitila ta mutu, ya rufe bakin mara lafiya ne ya bar cutar.

Ka fara da batura, domin a mafi yawan akwatunan da na buɗe su ne masu laifi. Yawanci guda biyu ne masu bolt 12, a haɗe su ba da 24, kuma idan cajar tana lafiya za ka auna kimanin 27 a bakinsu. Ƙa'ida ta ce su iya riƙe na'urar awa 24 babu wuta, sannan su kaɗa ƙararrawa na minti 30 a bayan haka. An yi su ne su kai kamar shekara huɗu a ɗaki mai sanyi, amma zafi yana cin ransu, kusan duk ƙarin digiri 10 yana raba kwanansu biyu, kuma ka san yadda ɗakin masu gadi mai rufin kwano yake zama a watan Maris da Afrilu. Ƙara da yawan ɗauke wuta da ke zuƙe su har ƙasa, sai ka ga sun mutu tun ba su kai rabin wa'adinsu ba. Ka rubuta ranar da aka saka a jikin kowane batir da alƙalami mai kauri, kuma idan ginin yana da sola ko inbata, ka nemi a ba akwatin layinsa na kansa daga can, wanda ba ya bi ta soket ɗin da kowa zai iya zarewa ya sa cajar waya. Idan batura lafiya suke, sai ka bi layuka ɗaya bayan ɗaya da mita, ka fi mai da hankali ga inda aka taɓa gyara gini, inda aka raba ofis da katako, inda aka huda bango don na'urar sanyaya ɗaki, da inda rufi yake yoyo da damina. Aradu ma takan ƙone allon da ke cikin akwatin.

Batun tumɓukewa kuwa, tsakanin maganar ɗan kwangila da ta magabata akwai hanya ta uku wadda ba a cika kawowa kan tebur ba. Irin akwatin da ke raba gini shiyya-shiyya har yau ana ƙera sababbinsa bisa ƙa'idar Turai ta EN 54, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na tsarin zamani ba. Idan an auna wayoyi an same su da lafiya, ana iya canza akwatin kawai a bar su. Sai dai ka kula da abu biyu da suka sha kayar da ma'aikata. Tsohon akwati yana ɗaukar haɗuwar waya biyu a matsayin gobara, sabo kuwa yana ɗaukar ta a matsayin lalacewa, don haka tsofaffin jajayen akwatuna suna buƙatar a sa musu resista ko a canza su. Tsofaffin ƙararrawa ma sukan buƙaci diyod, wato abin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, kafin sabon akwati ya iya sa ido a kan layinsu. Na'urorin shinshinar hayaƙi kuwa ba na yi musu sassauci, domin masu ƙera su galibi kimanin shekara 10 suke ba su, kuma wadda ta sha ƙurar hunturu 30 ba abin dogaro ba ce.

Tsarin zamani, wanda ya fara yaɗuwa a shekarun 1980, fa'idarsa ita ce kowace na'ura tana da lambarta, akwatin zai rubuta maka ainihin ɗakin da hayaƙi yake. Wannan babban abu ne a gini mai faɗi. Amma ina so ka tuna da majami'ar Notre-Dame ta birnin Paris. Ranar 15 ga Afrilu, 2019, na'urarta ta zamani ta gano hayaƙi a kan lokaci, sai dai saƙon da ta rubuta ya rikitar da ma'aikacin da ke bakin aiki, aka tura mai gadi ya duba rufin wani gini na gefe, kuma kafin a gano ainihin wurin kusan rabin sa'a ta wuce, wuta ta riga ta kama katakon rufi. Saboda haka ko wane iri kuke da shi, ka zana taswirar ginin ka manna a gefen akwatin, ka rubuta da Hausa da Turanci wace fitila ce ke nufin wane hawa, domin mai gadin dare ne zai karanta ta, ba injiniya ba. Sannan tsarin zamani yakan ɗaure makaranta da kamfani ɗaya, kayan wani ba sa shiga na wani, kuma gyaransa yana buƙatar manhaja da lambar sirri. Idan za ku saya, ku sa a cikin yarjejeniya cewa za a miƙa muku lambobin da zanen wayoyi, a horar da ma'aikatanku, a kuma bar muku kayan canji, don kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago.

Inda nake goyon bayan a sake komai shi ne inda na'urar ba ta da batir, ko robar wayoyi ta bushe tana marmashewa a hannu, ko an canza fasalin ginin har tsohon tsarin bai san da rabin ɗakunan ba. Idan kuɗi kaɗan ne, a fara da inda mutane suke kwana kafin ofisoshi.

Gargaɗi ɗaya kafin in bar ka. Idan ka kwance tsohuwar na'urar hayaƙi ka ga alamar nan mai kama da fanka mai fuka-fukai uku a bayanta, to tana ɗauke da ɗan ƙwayar sinadarin amerisiyom 241, wanda sai bayan shekara 432 ƙarfinsa yake raguwa da rabi. Abu ne ƙanƙani ƙwarai, kuma yana rufe a jikin silin ba ya cutar da kowa, amma kada a fasa, kada a ƙone, kada kuma a haɗa da tarkacen da ake sayar wa 'yan gwangwan. A tara su a kwali a kulle, makaranta ta rubuta wa Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Najeriya ta nemi umarni.

Tambaya: Malam, ni ce mai kula da wani ɗakin kwanan ɗalibai mata. Ƙararrawarmu tana aiki, amma da hunturu sai ta riƙa tashi cikin dare babu gobara, wani lokaci sau biyu a mako. Yara sun daina fitowa, ni kuma na gaji, na sa an kashe ta. Na yi laifi? *Daga wata uwa, Unguwar Rimi.*

Amsa: Hajiya, na fahimci gajiyarki, kuma na san nauyin tayar da ɗaruruwan 'yan mata cikin sanyin Janairu a kan abin da babu shi. Duk da haka ina roƙon ki da girman Allah a kunna ta kafin dare ya yi.

Ranar 19 ga Janairu, 2000, da misalin ƙarfe huɗu da rabi na asuba, wuta ta tashi a ɗakin kwanan sababbin ɗalibai na Jami'ar Seton Hall da ke jihar New Jersey a Amurka. Ƙararrawa ta kaɗa, amma da yake ta sha kaɗawar ƙarya a watannin da suka gabata, ɗalibai da yawa suka gyara kwanciya. Uku suka rasu, fiye da 50 suka jikkata. Halin da 'ya'yanki suka shiga na daina fitowa shi ne wannan hali, kuma kashe na'urar ya ƙara nisa da tsira a kan haka.

Ƙararrawar ba ƙarya take yi da gangan ba, akwai abin da take gani. Nau'in da ke aiki da haske yana da ɗan ɗaki mai duhu a cikinsa, idan hayaƙi ya shiga sai ya watsa hasken zuwa wani ido, ita kuwa ƙurar hunturu tana watsa haske kamar yadda hayaƙi yake yi. Gizo-gizo da ƙananan ƙwari ma suna shiga, tururin ruwan zafi daga banɗaki yana tayar da ita, haka turaren wuta da igiyar leko da feshin maganin sauro. Abin da zan ba ki shawara shi ne ki ajiye littafi, duk lokacin da ta tashi a rubuta rana da sa'a da fitilar shiyyar da ta kama. Cikin mako biyu ko uku za ki ga mafi yawan tashin daga wuri ɗaya ko biyu yake fitowa. Sai ma'aikaci ya zo ya share ko ya canza waɗannan, kuma a wurin girki da bakin banɗaki a cire mai jin hayaƙi a sa mai jin zafi, wanda ba ya motsi sai zafin silin ya kai wajen digiri 58 ko ya hau da sauri. Idan dole sai an rufe wani sashe kafin gyara, akwatin yana da hanyar ware shiyya ɗaya a bar sauran, kuma a wannan shiyya a sa mai sintiri da dare har a gama.

Su kuma ɗaliban ki tara su ki yi musu magana irin ta uwa, ki gaya musu an gano matsalar ana gyarawa, sannan a yi atisayen fita sau ɗaya a kowane zango, da rana, tare da jami'an hukumar kashe gobara. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ki kuma hana su ɗaure wa na'urar silin leda ko safa don su yi girki a ɗaki, domin na sha ganin haka.

Tambaya: 'Yata za ta koma makaranta, kuma ban amince da na'urar ginin ba. Zan iya saya mata ƙaramar nan mai batir? *Daga wani uba, Kawo.*

Amsa: Alhaji, ka saya, ka kuma sanar da masu kula da ginin. Ka nemi mai ɗauke da alamar ingancin EN 14604 ta Turai ko UL 217 ta Amurka, ka duba shekarar da aka ƙera ta a bayanta domin wa'adinta shekara 10 ne, ka danna maɓallin gwaji tun a shago. A kafa ta a silin, nesa da bango da kamar rabin mita, ba dab da fanka ba. Idan ta fara ɗan tsiwa jefi-jefi, batir take nema, a canza mata, kada a zare a ajiye. Amma ka sani ɗakin 'yarka kawai za ta tayar, ba za ta ji wutar da ta tashi a hawan ƙasa ba sai hayaƙi ya iso, don haka kada sayen ta ya hana ka tayar da maganar babbar na'urar a gaban hukumar makaranta.

Tambaya: Malam, ina aiki a ɗakin karatu mai tsofaffin takardu. Idan ƙararrawarmu ta kaɗa da dare, shin 'yan kwana-kwana suna ji daga ofishinsu? *Daga wani ma'aikaci, Badarawa.*

Amsa: Malam, in dai ba an yi mata wani haɗi na musamman ba, ba sa ji. Tsohuwar ƙararrawa iyakarta bangon da take, aikinta fitar da mutane ne. A ranar 13 ga Mayu, 2008, wuta ta tashi daga injin shayi da kofi a hawa na shida na tsangayar zanen gine-gine ta Jami'ar Delft a ƙasar Holan, kowa ya fita lafiya, amma ginin ya ƙone har wani sashe ya rufta. A Yuganda kuwa, babban ginin Jami'ar Makerere da aka kammala a 1941 ya kama ne bayan tsakar daren 20 ga Satumba, 2020, bincike ya danganta abin da matsalar lantarki, takardu masu yawa suka salwanta. Ga gari irin Kaduna, mai Gidan Arewa da reshen Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa, inda ake adana rubuce-rubucen ajami da na Larabci da takardun mulkin Arewa waɗanda da yawansu ba su da kwafi na biyu, wannan tambaya taka tana da nauyi ƙwarai.

Akwai ɗan akwati mai ɗaukar layin waya da ake jonawa da tsohon tsari, wanda zai kira lambobin da aka ba shi da zarar jar fitila ta kama, kuma kuɗinsa ba shi da yawa, sai dai a riƙa kula kada layin ya mutu don rashin kati. Ana kuma iya jan waya a sa wata ƙararrawa a ɗakin masu gadi na bakin ƙofa. Bayan wannan, ku zauna da shugaban masu gadi ku rubuta a takarda wanda zai kira lamba 112 da ofishin kashe gobara mafi kusa, wanda ke riƙe da mabuɗin ɗakin karatu da dare, da ƙofar da motar kashe gobara za ta iya shigowa ta cikinta ba tare da ta tarar da kwaɗo ko motocin da aka ajiye a hanya ba. Ku gayyaci jami'an su zo da motarsu da rana tsaka, su gwada shiga da ita har gindin ginin, su ga inda za su sami ruwa.